Babban Malam-Buɗe-Littafi a Lambun Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gane Shi da Ɗaukar Hotonsa

Duk wanda yake da bishiyar lemun tsami a tsakar gida ko a ɗan lambun bayan ɗaki, da wuya damina ta wuce bai ga wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya yana kewaya ta ba. Abin da mafi yawan mutane suke yi shi ne su zaro waya su bi shi a guje, sa'an nan su dawo da hoton ganye ko na katanga. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga sanin halin wannan ƙwaro, domin wanda ya san inda zai dawo da lokacin da zai dawo ba ya bukatar ya bi shi.

Wane ne wannan babban baƙi mai ɗigon rawaya da nake gani a jikin lemu?

Idan a Afirka kudu da Sahara kake, kuma a kusa da lemu ka gan shi, to kusan babu shakka shi ne wanda masana suke kira Papilio demodocus, sunan da wani masani Bajamushe mai suna Esper ya raɗa masa a shekarar 1798. Faɗin fikafikansa idan ya buɗe su yakan kai santimita 10 zuwa 12, wato kusan faɗin tafin hannun babban mutum, kuma macen takan ɗan ɗara namijin girma. Launinsa baƙi ne mai sirkin ruwan ƙasa, an yayyafa masa ɗigo-ɗigon rawaya, da wani layin rawaya da ya ratsa fikafikan baya. A kowane fiffiken baya akwai tabo biyu masu kama da ido, ɗaya mai shuɗi a can sama inda fiffiken gaba yakan rufe shi, ɗaya kuma mai ja da ɗan shuɗi a ƙasa kusa da ƙarshen ciki. Yawancin danginsa suna da wutsiya a fikafikan baya, amma shi ba shi da ita, kuma wannan na cikin alamun da suke saurin bayyana shi.

Ana samunsa tun daga Senegal har Afirka ta Kudu, inda suke kiransa malam-buɗe-littafin Kirsimeti saboda a watan Disamba ya fi yawa a can, haka kuma akwai shi a Madagaska da kudancin yankin Larabawa. Yana da ɗan'uwa a nahiyar Asiya, Papilio demoleus, wanda suke matuƙar kama da juna, har hotunansu sukan rikita mutane a intanet.

Akwai wasu manya da nake gani masu launi daban. Yaya zan bambanta su?

Uku ne suka fi zuwa lambunan gidaje a ƙasashen da ke da doguwar rani. Na farko shi ne Danaus chrysippus, mai ruwan lemu da baƙin baki da fararen ɗigo a ƙarshen fikafikan gaba, wanda faɗinsa yake tsakanin santimita 7 da 8. A Afirka ta Yamma yawancinsu suna da fari a fikafikan baya. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, tana tara dafin da ke cikin ruwan ganyen a jikinta, dafin kuma yana nan har bayan ta zama mai fikafikai, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ɗaya ba ya marmarin na biyu. Wannan ne dalilin da ya sa yake tashi a hankali cikin ƙasaita kamar wanda ba ya tsoron kowa, kuma shi ne ya fi sauƙin ɗauka ga mai koyo.

Na biyu, Hypolimnas misippus, labarinsa ya fi ban mamaki. Namijin baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi mai ƙyalli ya zagaye su, ita kuwa macen ta ari kamannin mai cin tumfafiya kusan ɗigo da ɗigo, alhali ba ta da dafin komai a jikinta. Da wannan rigar aro take tsira daga tsuntsaye, kuma da ita take ruɗin masu ɗaukar hoto. Hanyar raba su ita ce a duba tsakiyar fiffiken baya: na gaskiyar yana da ƙananan baƙaƙen ɗigo uku ko huɗu a wurin, ita kuwa mai aron ba ta da irin wannan jeri.

Na uku dangin Charaxes ne, masu kaurin jiki da saurin tashi kamar an harba kibiya. Su ba su damu da fure ba. Ruɓaɓɓen mangwaro, ruwan da ke tsatsa daga jikin bishiya, har da kashin dabbobi, su ne abincinsu.

Shi ne mafi girma a Afirka?

A'a. Mafi girma a nahiyar shi ne Papilio antimachus, mai dogayen fikafikai sirara masu ruwan lemu da baƙi, wanda faɗinsa yakan kai santimita 23. An fara bayyana shi a rubuce a 1782 daga wanda aka samo a Saliyo. Gidansa kurmi ne mai duhu, irin na kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da Kwango, kuma macen tana rayuwa ne can ƙololuwar bishiyoyi, ba kasafai ake ganinta ba. Saboda haka duk wanda ya ce ya gan shi a lambun gida a Kano ko Maraɗi, wani abu daban ya gani. Mafi girma a duniya kuwa, Ornithoptera alexandrae, yana wani ɗan yanki ne kaɗai na ƙasar Papuwa Niyu Gini, macensa takan wuce santimita 25, kuma dokar ƙasa da ƙasa ta haramta cinikinsa.

Wani ƙato ya shigo mini ɗaki da dare yana bugun ƙwan lantarki. Shi ma malam-buɗe-littafi ne?

Wannan faɗa-wuta ne, kuma dangi ɗaya suke amma hali ya bambanta. A duba ƙahonnin nan biyu sirara da ke kansa. Na malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙulli a ƙarshe kamar kan ashana, na faɗa-wuta kuwa ko dai zare ne miƙaƙƙe ko kuma masu kama da gashin tsuntsu. Faɗa-wuta ya fi kaurin jiki da gashi, kuma yakan kwanta da fikafikai a shimfiɗe ko a kife kamar jinka. Ba abin rainawa ba ne, domin daga tsutsar wani irinsa ake samun zaren siliki na daji da ake kira tsamiya, wanda masu ɗinkin babbar riga suka daɗe suna aiki da shi. Ɗaukar hotonsa ma ya fi sauƙi, tunda da safe za ka same shi lafe a jikin bango ba ya motsi.

Me ya sa kullum a jikin lemuna yake kewaya, ba ya zuwa wurin mangwaro ko gwaiba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin amsarta ce take ba mutum hoto. Wanda kake gani yana shiga tsakanin rassan lemu, yana taɓa wannan ganye ya bar shi ya taɓa wancan, mace ce mai neman inda za ta saka ƙwai. Da ƙafafunta take ɗanɗana ganye, domin a nan gaɓoɓin ɗanɗanonta suke, kuma idan ganyen ba na lemu ko danginsa ba ne ba kasafai take ajiye komai a kansa ba, tunda 'ya'yanta sun fi dogara da irin wannan ganye. Ta fi son sabon tofo mai laushi. Takan lanƙwasa cikinta ta manna ƙwai guda ɗaya tak, ta matsa wani reshe ta manna wani.

Ƙwan ɗan mulmulalle ne fari mai sirkin rawaya, bai kai ƙwayar gero ba. Cikin kwana huɗu zuwa shida yake ƙyanƙyashewa. Tsutsar da ta fito baƙa ce mai farin dabbare a tsakiya, kuma duk wanda ya gan ta kwance a saman ganye zai rantse kashin tsuntsu ne, wanda kuwa shi ne dabarar, domin babu tsuntsun da zai sauka ya ci kashin ɗan'uwansa. Tana girma tana saɓa, har a mataki na biyar ta rikiɗe ta zama koriya shar mai ratsin ruwan ƙasa da wasu tabo kamar idanu a gaba, tsawonta ya kai santimita 4 ko ya ɗan wuce. Idan ka taɓa ta da tsinke a wannan lokaci, sai ta ɗaga kai ta fitar da wani abu mai reshe biyu ruwan lemu daga bayan kanta, kamar harshen maciji, tare da wani wari mai hawa kai irin na lemun da ya lalace. Ba ya cutar da mutum, kora kawai yake yi.

Bayan ta ƙoshi sai ta nemi reshe ko jikin bango, ta manne ƙarshen jikinta, ta ɗaura wa kanta ɗamarar zare a tsakiya, ta jingina a karkace ta zama ƙwanso, kore ko ruwan ƙasa gwargwadon wurin da ta zauna. A lokacin ɗumi makonni biyu zuwa uku take yi a haka. Ma'anar wannan duka ga mai kyamara ita ce bishiyar lemu ɗaya tana iya ba shi hotuna iri huɗu na halitta guda, kuma uku daga cikinsu ba sa tashi ko gudu.

To tsutsar nan ba za ta kashe mini lemu ba? Ya kamata in yi feshi?

Ya danganta da girman bishiyar. Babbar bishiya mai ba da 'ya'ya ba ta ma sanin an ci mata ganye goma ko ashirin ba. Matsalar tana wurin ƙananan dashe, musamman a wuraren renon itatuwa, inda tsutsa biyu ko uku za su iya tsige ɗan dashe ƙarƙaf cikin 'yan kwanaki, kuma manoman lemu suna da gaskiya da suke lissafa ta cikin maƙiya.

A lambun gida dai ban ga hujjar feshi ba. Idan dashenka ƙarami ne, ka ɗauke tsutsar da ganyen da take kai ka mayar da ita kan babbar bishiya, aikin minti biyu ne. Maganin ƙwari ba ya zaɓe, yana kashe tsutsa da ƙudan zuma da ƙananan ƙwarin nan dangin rina waɗanda suke saka ƙwai a cikin ƙwan malam-buɗe-littafi da ƙwansonsa suna rage yawansa ba tare da an biya su ba. Har ruwan dogon yaro da ake ɗauka mai sauƙi ne yana hana tsutsa ci da girma. Ga kuma ƙadangaru da tsuntsaye da ƙoƙi-ƙoƙi, waɗanda da ma su suke cinye mafi yawan tsutsotsin kafin su kai ko'ina. Mutum ba zai fesa wa bishiya guba ranar Asabar sa'an nan ya zauna ƙarƙashinta da kyamara ranar Lahadi yana jiran baƙo ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa, a shekara da kuma a yini?

A yankunan da ake ruwa daga Yuni zuwa Satumba, sun fi yawa daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, lokacin da ganye ya wadata kuma furanni suka buɗe. Inda ake ban ruwa, lemu yana tofo ko da rani, don haka akan ga ɗaiɗaiku duk shekara.

A cikin yini kuwa, safiya ce ta mai hoto. Malam-buɗe-littafi ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa kamar tsuntsu, sai rana ta taɓa shi tsokar fikafikansa take samun ƙarfin tashi. Shi ya sa tsakanin ƙarfe bakwai da tara za ka iya samunsa zaune a kan ganye, fikafikai a buɗe sosai yana shan hantsi, ya ba ka daƙiƙa ashirin ko talatin da ba za ka samu da tsakar rana ba. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare, da safiyar hunturu mai sanyi, sun fi kowace, domin yakan daɗe bai warware ba. Da azahar kuwa wahala ce kawai, shi yana da cikakken ƙarfi, hasken kuma yana da kaifin da yake ƙone launin rawaya ya mayar da shi fari.

Me zan shuka ko in ajiye don ya riƙa zama maimakon ya wuce?

Lemu yana kawo mace, fure kuma yana tsayar da kowa. Sun fi son furanni masu tarin ƙananan baki a dunƙule, ja ko ruwan hoda ko ruwan lemu, irin su lantana da zinniya da iksora, domin suna iya tsayawa wuri ɗaya su zura dogon bakinsu a rami bayan rami. A shuka su a dunƙule a inda rana take faɗawa da safe kuma katanga take kare iska. Sai dai a kula da lantana: ganyenta guba ne ga awaki da tumaki da shanu, yana lalata musu hanta, kuma tana bazuwa ta mamaye wuri idan ba a datse ta. Gidan da ake kiwo a tsakar gida, gara zinniya, wadda ake shukawa daga iri kuma take fure cikin kusan wata biyu.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi. Mazan sukan sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa su tsotsi gishirin da ke cikinta, wani lokaci su daɗe a wurin. Ɗan faifan yashi da aka jiƙa aka barbaɗa masa gishiri kaɗan, ko gefen da ake zubar da ruwan alwala, yana iya zama wurin saukarsu. Ga dangin Charaxes kuma, a ajiye ayaba ko mangwaro da ya yi laushi har ya fara tsami a kan kututture. Idan suka fara sha sukan shagala har a kawo waya dab da su, amma a sani ƙudaje da tururuwa ma za su amsa gayyatar.

Me ya sa yake tashi da zarar na matso?

Idanunsa ba su iya tantance siffa sosai, amma babu abin da suka fi ganewa kamar motsi da sauyin haske. Abu biyu ne suke kora shi: saurin hannu, da inuwa. Inuwarka ta faɗa kansa, a wurinsa tsuntsu ne ya sauko. Saboda haka kafin ka ɗaga ƙafa ka duba inda inuwarka take, ka zagaya ta yadda za ta faɗi gefe. Ka ɗaga wayar zuwa ƙirji tun kana nesa, ka matsa da jikinka gaba ɗaya a hankali, kada ka miƙa hannu farat ɗaya a ƙarshe. Babbar riga fara mai kaɗawa a iska ba ta taimako, tufafi marasa haske sun fi.

Abin da ya fi wannan duka shi ne kada ka matsa ko kaɗan. Na yi kusan mako guda ina bin wata mace daga wannan kusurwar gida zuwa waccan, har na taka wa uwargida tukunyar shukarta ta na'a-na'a na fasa, ban samu komai ba sai hotuna sittin na sararin sama. Daga baya na lura cewa kullum da misalin ƙarfe tara da rabi take ɓullowa ta saman katangar gabas, ta yi lemu, ta sauka kan zinniya ja guda uku da ke gefen randa, ta fita ta yamma, bayan minti goma ko sha biyar ta sake dawowa ta hanya ɗaya. Washegari na ajiye kujera 'yar tsugune taku ɗaya daga furannin, na saita wayar a kan wanda ya fi tsayi, na zauna. A zuwanta na biyu ta sauka a kansa, iskar fikafikanta tana taɓa mini bayan hannu, ina ganin bakinta yana warwarewa kamar zaren agogo yana shiga cikin furen.

Wayar hannu ta isa, ko sai na sayi babbar kyamara?

Ta isa, musamman ga babba irin wannan wanda yake cika hoto daga nisan kamu biyu. Fara da goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon yatsa da ƙurar hunturu sun ɓata hotuna fiye da yadda arhar waya ta ɓata. Ka taɓa allon a daidai kan ƙwaron ko jikinsa don wayar ta daidaita ganinta a can, in ba haka ba za ta zaɓi ganyen da ke bayansa. Idan ka danna ka riƙe, yawancin wayoyi sukan kulle wannan saiti, abin da yake da amfani idan fure ka saita kana jira. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu fiye da kima, domin wannan faɗaɗawa ce kawai da take rage kyau. Idan wayar tana da ido na biyu mai jawowa ninki biyu ko uku, shi za ka zaɓa.

Kada ka dogara da ɗauka guda. Yi amfani da tsarin da yake ɗaukar hotuna da yawa a jere, ka zaɓi ɗaya daga cikin ashirin. Ko kuma ka ɗauki bidiyo a mafi ingancin da wayar take iyawa, daga baya ka tsayar da shi a inda fikafikan suka buɗe ka ciro hoton.

Jikinsa ya fito tsaf amma fikafikan gaba sun yi dishi-dishi. Laifin wayata ne?

Ba laifinta ba ne, halinsa ne. Shi da danginsa ba sa zama sosai idan suna shan fure, sukan ɗora ƙafafu kawai su ci gaba da kaɗa fikafikan gaba da sauri don su rage wa furen nauyi, na baya kuma suna kusan tsaye. Maganin abin shi ne haske mai yawa, domin gwargwadon hasken da kyamara ta samu gwargwadon saurin da take buɗe ido ta rufe. A inuwa ba za ka taɓa tsayar da fikafikan ba. Idan wayarka tana da sashen da mutum yake saita komai da hannunsa, ka sa saurin a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye. A ganina ma ɗan dishin nan ba aibi ba ne idan kai da ido sun fito sarai, yana nuna cewa mai rai aka ɗauka.

Ina da babbar kyamara. Yaya zan saita ta?

Sauri 1/1000 zuwa 1/2000 idan yana shan fure, 1/250 ya isa idan yana shan hantsi. Buɗin ido tsakanin f/5.6 da f/8, a bar ISO, wato ma'aunin jin haske na kyamarar, ya daidaita kansa. Gilashin da yake kai milimita 200 ko 300 ya fi na kusa-kusa amfani ga wannan babba, domin yana ba ka damar tsayawa mita ɗaya da rabi ko biyu ba tare da ka tsorata shi ba. Abin da ya fi lambobin nan tasiri shi ne tsayuwarka: ka sa fuskar kyamara ta yi daidai da shimfiɗar fiffiken, ta yadda gefe da gefe za su kasance nisa ɗaya daga gare ka. Idan ka ɗauka a karkace, rabi zai fito rabi ya ɓace. Wannan yana nufin durƙusawa, wani lokaci har kwanciya a ƙasa.

Hotona ya fito amma bai yi kyau ba, ga bokiti da igiyar shanya a baya. Ina gyaran?

Gyaran yana kafin ƙwaron ya iso. Tunda ka san furen da zai sauka, ka duba abin da ke bayansa ta cikin allo, ka kawar da bokiti, ka matsa hagu ko dama har bayan ya zama ganye mai nisa ko inuwar bango. Duk yadda bayan ya yi nisa da furen, haka zai narke ya bar ƙwaron shi kaɗai. Rana a bayanka tana fito da launi yadda yake, rana a bayansa kuma tana ratsa fikafikan ta haska rawayar kamar fitila, amma a nan sai ka ɗan rage hasken allon da yatsa. Fitilar waya ba ta da amfani da rana, a kashe ta.

Zan iya kama shi in riƙe, ko in sa shi a firiji ya lafa kamar yadda wasu suke yi?

Bai kamata ba. Garin da yake mannewa a yatsa idan an riƙe fiffike ƙananan ɓawo ne da aka jera kamar rufin kwano, su ne launinsa, kuma ba sa sake tsirowa. Rasa kaɗan ba ya hana shi tashi, amma riƙon wanda bai iya ba yakan karya jijiyar fiffiken gaba, wadda ba ta gyaruwa. Halitta ce da kwanakinta a wannan siffa 'yan makonni ne kawai. Wanda aka sanyaya kuma ana gane shi a hoto, ƙafafu a tanƙware, zama ba na ɗabi'a ba. Yara ne suka fi son kamawa, kuma na ga cewa idan aka ba yaro aikin neman ƙwai da tsutsa a ganyen lemu, yakan manta da kamun, ya kuma fi babba ido.

Na sami ƙwanso a jikin reshe. Zan iya ɗaukar fitowarsa?

Za ka iya, kuma a nan ne ake samun hoton da ya fi kowane tsabta, domin fikafikan ba su taɓa gogar komai ba. Ka riƙa duba shi kullum ba tare da ka taɓa ba. Kwana ɗaya kafin fitowa ƙwanson yakan yi duhu, har a fara hango ɗigon rawaya ta cikin fatarsa. Washegari ka fito da sassafe. Fitar kanta ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, sai ka ga wani abu jiƙaƙƙe mai ƙaton ciki da fikafikai a cukurkuɗe kamar tsumma ya rarrafo ya rataye. Yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fikafikan, suna miƙewa a gaban idonka, sa'an nan ya zauna awa ɗaya ko biyu suna bushewa. Zai zubar da wani ruwa mai launin ƙasa, ba jini ba ne, ragowar abin da ya tara ne. Kada a taɓa shi ko a girgiza reshen a wannan lokaci, domin idan ya faɗo kafin fikafikan su bushe haka za su ƙage a murɗe. Idan kuma ka ga ƙwanson ya yi baƙi da ɗan rami a gefe, ƙananan ƙwarin nan dangin rina sun riga ka.

Yaya zan tabbatar da sunan wanda na ɗauka, kuma me zan kula da shi kafin in yaɗa hoton?

Nijeriya kaɗai tana da nau'i fiye da 1,000, saboda haka kuskure ba abin kunya ba ne. Ka yi ƙoƙarin samun hoto biyu, na saman fikafikai da na ƙarƙashinsu, domin sau da yawa alamar da take rabewa tana ƙasa. Ka rubuta rana da gari da shukar da ka same shi a kai. Google Lens, mai gane abu daga hoto, yana ba da hasashe cikin sauri, amma yakan kawo sunan na Asiya ko na Amurka mai kama da namu. Manhajar iNaturalist, wadda aka fara a 2008, ta fi aminci, domin mutane ne masu sani suke duba hoton su tabbatar ko su gyara, kuma abin da ka saka yana shiga cikin bayanan da masu bincike suke amfani da su.

Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, wanda a nan gidanka ne, don haka ka zaɓi ɓoye wurin a cikin iNaturalist ko ka kashe wannan saiti. Ka duba gefunan hoton da kyau, kada iyali ko tsakar gidan maƙwabci su shiga ciki ba da saninsu ba, kuma idan ƙwaron ya tsallaka katanga a bar shi ya tafi, kada a ɗaga waya ta saman gidan mutane. Wajen turawa ta WhatsApp kuwa, a aika shi a matsayin fayil, domin idan aka tura shi kai tsaye manhajar tana matse shi, ƙananan ɗigon gefen fiffike da mai tantancewa yake bukatar gani su ne suke fara ɓacewa.